Haɗa kwamfutar tebur da ƙaramin jari

Haɗa kwamfutar tebur shi ne sayen sassan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa daga kamfanoni daban-daban, sannan a ɗaura su cikin akwati guda har su zama na'ura mai aiki, maimakon a sayi wadda kamfani ya riga ya haɗa. Kwamfutar tebur, wadda wasu ke kira kwamfutar girke, ita ce wadda ake ajiyewa wuri ɗaya, allonta daban, madannanta daban, kuma ba ta da batirin da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta. Ana haɗa ta da hannu ne saboda dalilai uku: rage kuɗi, samun sassan da suka dace da aikin da za a yi, da kuma sauƙin gyara, domin idan sashe ɗaya ya lalace shi kaɗai za a canza.

A garuruwan gabashin jihar Sakkwato, irin su Wurno da Rabah da Goronyo, zaɓen sassa bai tsaya ga farashi da sauri kawai ba. Zafin bazara, ƙurar hunturu, rashin tsayayyiyar wutar lantarki da nisan kasuwar kayan gyara duk suna shiga cikin lissafi.

Tarihi

A watan Agustan 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa ta IBM PC. Ya haɗa ta da sassan da ake samu a kasuwa, masarrafinta daga Intel, babbar manhajarta daga Microsoft, ya kuma wallafa bayanin tsarinta. Wannan ya ba wasu kamfanoni damar ƙera sassan da ke aiki da ita. A shekarar 1995 Intel ya fito da ma'aunin ATX, wanda ya tsayar da girman uwar allo, wuraren ɗaure kusoshi da irin filogin wuta. Har yau wannan ma'auni ne ke sa uwar allon wani kamfani ta zauna daidai cikin akwatin wani.

A Najeriya, babbar kasuwar sassan kwamfuta ita ce Computer Village da ke Ikeja a Legas. A arewa kuwa, 'yan kasuwa da yawa suna sarowa daga Kano, musamman titin Beirut da kasuwar Farm Centre, sannan kayan su isa birnin Sakkwato da ƙananan garuruwa. Kaso mai yawa na kayan na hannu ne, waɗanda aka yi amfani da su a ofisoshin Turai da Amurka, ana kiran su tokumbo.

Masu buƙatarta a yankin

Wurno da Rabah da Goronyo hedikwatocin ƙananan hukumomi ne. An san Wurno a matsayin ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1837. Rabah ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Goronyo kuma tana da madatsar ruwa a kan kogin Rima, wadda ake noman rani da ruwanta. Tattalin arzikin yankin ya dogara ga noma, kiwo da kasuwanci, amma buƙatar kwamfuta tana ƙaruwa.

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu gaba ɗaya kan kwamfuta, don haka ɗalibin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana shiga ɗakin jarrabawa da rauni. Makarantu da cibiyoyin koyar da kwamfuta suna buƙatar na'urori da yawa masu araha. Akwai kuma shagunan buga takardu da cike fom ta intanet, masu ɗaukar hoto da bidiyon biki, masu zanen katin gayyata da fosta, da ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da sauran manyan makarantun Sakkwato da ke rubuta kundin bincike. Kowane rukuni da irin kwamfutar da ta dace da shi. Shi ya sa tambaya ta farko ga mai haɗawa ita ce wane aiki na'urar za ta yi, kafin a zo kan nawa ke hannu.

Manyan sassa

Masarrafi

Masarrafi, wanda ake kira CPU ko furosesa, shi ne ke yin lissafi da zartar da umarni. Kamfanoni biyu ne suka mamaye kasuwarsa a kwamfutar tebur: Intel mai jerin Core i3, i5 da i7, da AMD mai jerin Ryzen 3, 5 da 7. Kuskuren da masu saye suka fi yi shi ne duba sunan kawai ba tare da duba zubin ba. Lambar farko bayan sunan ita ke nuna zubi: Core i7-3770 zubi na 3 ne, na shekarar 2012, shi kuwa Core i3-12100 zubi na 12 ne, na shekarar 2022, kuma wannan i3 ɗin ya fi wancan i7 sauri nesa ba kusa ba.

Harafin ƙarshe ma yana da ma'ana. A wajen Intel, harafin F yana nufin masarrafin ba ya iya nuna hoto da kansa, sai an sayi katin hoto daban. A jerin Ryzen na soket AM4, masu harafin G, kamar Ryzen 5 5600G, su ne ke zuwa da sashen hoto a ciki. Ga mai ƙaramin jari, masarrafi mai sashen hoto yana cire kuɗin kati gaba ɗaya, yana kuma rage cin wuta.

Uwar allo

Uwar allo, wadda masu gyara ke ce wa madabod, ita ce faifan da duk sauran sassa ke haɗuwa a kai. Ba ta ƙara wa kwamfuta sauri sosai, amma ita ke yanke hukuncin abin da zai shiga da abin da ba zai shiga ba. Dole soket ɗinta ya dace da masarrafi. Soket AM4 na ɗaukar Ryzen daga jerin 1000 zuwa 5000, AM5 da ya fito a 2022 na sababbi ne. A ɓangaren Intel, LGA1200 na zubi na 10 da 11 ne, LGA1700 na zubi na 12 zuwa 14.

Akwai tarko a soket LGA1151. Zubi na 6 da 7 da kuma zubi na 8 da 9 duk suna amfani da wannan suna, masarrafin zai ma zauna a ramin, amma ba zai tashi ba idan aka haɗa zubi na 8 da allon da aka yi wa zubi na 6. Zubi na 8 da 9 suna buƙatar allo mai lamba irin H310 ko B360. Haka kuma wasu tsofaffin allunan B450 sai an sabunta ƙaramar manhajarsu ta BIOS kafin su karɓi Ryzen 5000. Kowane kamfanin allo yana wallafa jerin masarrafan da allonsa ke ɗauka a shafinsa na intanet, kuma duba wannan jeri kafin biyan kuɗi yana hana asara.

RAM

RAM ma'ajiya ce ta wucin gadi, inda kwamfuta ke ɗora abin da take aiki a kai a lokacin. Da zarar an kashe wuta, abin da ke ciki ya goge. Ana samunta a zubi uku a kasuwa: DDR3, DDR4 da DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, domin tsagar da ke jikin kowanne a wuri daban take. Gigabait 8 na isa ga rubutu, lissafi da shiga intanet. Gigabait 16 ya fi dacewa da zane da tace hoto. Sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, saboda masarrafi na karanta su tare, kuma bambancin ya fi bayyana idan sashen hoto na cikin masarrafi ake amfani da shi. RAM na daga cikin sassan da ba su cika lalacewa ba, don haka sayen ta hannu ba shi da haɗari sosai idan an gwada.

Ma'ajiyar bayanai

Iri biyu ne. Faifan HDD yana da farantai masu juyawa da allura mai karantawa, yana da araha idan ana son wuri mai yawa, amma yana da nawa, kuma faɗuwa ko girgiza ko ɗaukewar wuta yana cikin rubutu na iya lalata shi. SSD kuwa ba shi da abin da ke motsi. Mai amfani da wayar SATA yana kai kusan megabait 550 a daƙiƙa, irin NVMe da ake sokawa kai tsaye a uwar allo yana haura megabait 3,000, alhali HDD na yau da kullum bai cika wuce 200 ba. Babu canjin da ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta kamar sa mata SSD. Tsarin da ya fi araha shi ne SSD mai gigabait 256 ko 512 don babbar manhaja, sai a ƙara HDD mai terabait 1 idan ana tara bidiyo da hotuna.

Katin hoto

Katin hoto, ko GPU, shi ne sashen da ya fi tsada kuma ya fi cin wuta. Mai shagon buga takardu ko cibiyar koyon jarrabawa ba ya buƙatarsa. Masu tace bidiyo mai nauyi, masu zanen gini da masu wasannin kwamfuta su ne ke amfana da shi. GTX 1660 Super na jan kusan wat 125, RTX 3060 kuma kusan wat 170, wato shi kaɗai ya fi ƙaramar kwamfutar ofis gaba ɗaya. A shekarar 2021 farashin katuna ya yi tashin gwauron zabi saboda ƙarancin sassan lantarki a duniya da kuma masu haƙar kuɗin kirifto, daga baya yawancin katunan da suka yi aiki dare da rana suka shigo kasuwar kayan hannu.

Akwatin wuta

Akwatin wuta, wanda a kasuwa ake kira fawa fak, shi ke karɓar wutar gida mai bolt 230 ya mayar da ita bolt 12, 5 da 3.3 da sassa ke buƙata. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ta fi tabbata, domin akwatin wuta maras inganci idan ya ƙone yana iya tafiya da uwar allo da ma'ajiyar bayanai. Alamar 80 PLUS, wadda aka fara a 2004, tana nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga sassa, sauran ne ke zama zafi. Wat 400 zuwa 450 ya ishi kwamfutar da ba ta da katin hoto, mai RTX 3060 kuma tana son wat 550. Akwatin da aka rubuta wa wat 600 amma ba shi da nauyi a hannu, ba shi da sunan kamfani sananne, abin zargi ne.

Akwati, allo da madannai

A akwati, abin dubawa shi ne hanyar iska da ragar tace ƙura, ba fitilu masu launi ba. Allon kallo na LED mai inci 19 zuwa 22 yana jan wat 20 zuwa 30, ƙasa da rabin abin da tsohon allo mai ƙeya ke ja. A tabbata ramin da ke bayan kwamfuta, VGA ko HDMI ko DisplayPort, ya dace da na allon. Madannai da linzami masu waya sun fi araha kuma ba sa buƙatar batir.

Yanayi da wutar lantarki

Sakkwato na cikin wuraren da suka fi zafi a Najeriya. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40. Masarrafi yana rage saurinsa da kansa idan zafinsa ya kusa digiri 95 zuwa 100, don haka a ɗaki mai rufin kwano masarrafi mai wat 65 ya fi dacewa da wanda ke jan sama da 100. Ana so a sa fanka ɗaya mai jawo iska a gaba, ɗaya mai fitarwa a baya, a kuma sabunta man sanyaya da ke tsakanin masarrafi da ƙarfen fankarsa idan na hannu aka saya.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana toshe fankoki. Ɗora kwamfuta a kan tebur maimakon ƙasa, rufe ta da ƙyalle bayan an kashe, da hure ta da abin hura iska lokaci-lokaci suna tsawaita rayuwarta. Bushewar iska a wannan lokaci tana kuma tara lantarki a jikin mutum, irin wanda ake ji idan an taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan tartsatsi ya isa ya kashe RAM ko uwar allo, shi ya sa mai haɗawa ke taɓa ƙarfen akwati kafin ya ɗauki kowane sashe, kuma yake riƙe su ta gefe. Da damina kuma, tsawa na iya biyo waya, don haka ana zare filogi idan hadari ya taso.

Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wuta a jihohin Kaduna, Kebbi, Zamfara da Sakkwato. A ƙananan garuruwa wutar takan ɗauke, ko ta zo da rauni, kuma masu shaguna da yawa sun dogara ga janareta ko sola. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin tafiyar da janareta ya ƙaru ƙwarai, wanda ya sa cin wutar kwamfuta ya zama wani ɓangare na farashinta.

Ana iya ganin bambancin da lissafi mai sauƙi. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da wutar da ta kai wat 2,400 na awa ɗaya. Idan irin na ruwa ne, ba a son a sha fiye da rabinsa don kada ya mutu da wuri, saura 1,200. Kwamfutar ofis da allonta masu jan kusan wat 100 za su yi kimanin awa 10 bayan an cire asarar inbata. Kwamfuta mai katin hoto da ke jan wat 350 ba za ta wuce awa 3 ba. Saboda haka sayen kati yakan jawo sayen ƙarin batir da farantin sola.

Sitabilaiza tana daidaita ƙarfin wuta, UPS kuma tana riƙe kwamfuta na 'yan mintuna don a adana aiki a kashe ta yadda ya kamata. Ya kamata kuɗin aƙalla ɗaya daga cikinsu ya shiga kasafi tun farko.

Sabo ko na hannu

Kusan duk sassan kwamfuta daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu na bin dala. Bayan da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Wannan ya tura mutane da yawa zuwa kayan hannu.

Masarrafi, RAM, akwati da allon kallo ana iya sayensu na hannu. Akwatin wuta da ma'ajiyar bayanai kuwa gara sababbi, domin suna tsufa da aiki, kuma lalacewarsu na jawo asarar da ta fi kuɗinsu.

Wata hanya ita ce sayen tsohuwar kwamfutar ofis, irin Dell OptiPlex, HP ProDesk ko Lenovo ThinkCentre, sannan a ƙara mata RAM da SSD. Sau da yawa wannan ya fi haɗawa daga tushe araha, kuma ya dace da makarantar da ke son na'urori iri ɗaya. Illarsa ita ce da yawa daga cikinsu suna da akwatin wuta da uwar allo na musamman da ba su bi ma'aunin ATX ba, sai irin nasu ake iya maye gurbinsu da shi, kuma sirarun cikinsu ba sa ɗaukar babban katin hoto.

Gwaji kafin biya

Wanda ya taso daga Goronyo ko Rabah zuwa Sakkwato ko Kano ba zai so ya koma gida ya tarar kayan ba sa aiki ba. Akwai manhajojin kyauta da ake iya ɗorawa a filash. CPU-Z na nuna ainihin sunan masarrafi, allo da RAM. CrystalDiskInfo na nuna lafiyar faifai da yawan awannin da ya yi aiki. MemTest86 na gwada RAM. H2testw na tona asirin ma'ajiyar jabu da aka rubuta wa girman da ba ta da shi. Ana kuma duba ƙafafun soket ko sun lanƙwashe, da ƙananan gwangwanayen da ke kan allo ko sun kumbura. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowane sashe da kwanakin garanti. Idan za a ɗauko a mota, a cire katin hoto da HDD a naɗe su daban saboda gargadar hanya.

Manhaja

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 na buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, RAM aƙalla gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, da masarrafin Intel daga zubi na 8 ko Ryzen daga jerin 2000. Wannan ya sa zubi na 8 ya zama iyaka mai muhimmanci ga mai sayen kayan hannu. Tsofaffin na'urori suna iya ci gaba da aiki da Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, tare da LibreOffice, duk kyauta. Windows da Linux duka suna da tsarin madannai na Hausa mai haruffan ɓ, ɗ da ƙ.

Yana da kyau a zaɓi manhajojin da ke aiki ba tare da intanet ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ciki har da Rabah da Goronyo, saboda matsalar 'yan bindiga. A irin wannan hali, aikin da ke cikin kwamfuta ne kaɗai ke hannun mai shi.

Misalan haɗi

Don shagon buga takardu ko koyon jarrabawa: Core i5-8500 na hannu, allon H310 ko B360, RAM gigabait 8, SSD gigabait 256, ba katin hoto.

Don zane da tace hoto: Ryzen 5 5600G, allon A520 ko B550, RAM gigabait 16 a sanda biyu, NVMe gigabait 512, akwatin wuta mai wat 450.

Don tace bidiyo: Core i5-12400F, allon B660 mai ɗaukar DDR4, RAM gigabait 16 zuwa 32, katin RTX 3060, SSD tare da HDD, akwatin wuta mai wat 550.

Idan kuɗi bai kai ba, abin da ake jinkirtawa shi ne wanda za a iya ƙarawa daga baya ba tare da canza komai ba: katin hoto, faifai na biyu da ƙarin RAM. Saboda haka ana fifita uwar allo mai ramin RAM da ya rage da kuma gurbin NVMe.

Tsofaffin sassa

Sassan da suka mutu suna ɗauke da dalma da wasu sinadarai masu cutarwa, kuma ƙona wayoyi don ciro tagulla na fitar da hayaƙi mai guba. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke kula da dokokin sharar kayan lantarki a Najeriya. Kafin a sayar ko a zubar da tsohon faifai, ana goge bayanan da ke ciki gaba ɗaya, musamman a shagunan da ke ajiye hotuna da takardun shaidar abokan hulɗa. Batirin UPS da ya mutu kuma ana mayar da shi ga masu sayen tsofaffin batura, ba a jefa shi a bola ko kusa da rijiya.